Haƙurin Dole Ba Sulhu Ba Ne: Gyara Kayanka Ga Zaurukan Sasancinmu

Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa mun san ba za ta yi wa wasu daɗi ba, musamman iyayenmu da ke barin harkokinsu su zauna raba mu faɗa ba tare da kowa ya biya su albashi ba. Muna neman afuwarsu tun daga farko. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo.

Bari mu fara da abin da kusan kowa ya taɓa gani. Yaro ya taso daga gida da buhunan albasa, ko 'yan ragunan layya, ya sauke wa wani babban ɗan kasuwa a nan Legas a kan in an sayar za a ba shi kuɗinsa. Kaya sun ƙare, kuɗi shiru. Yau a ce masa gobe, gobe a ce masa Alhaji ya yi tafiya. Kuɗin nan kuma ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai na yayarsa da ta sayar da akuyoyinta, akwai na wanda ya ranta masa a ƙauye. Da ya gaji sai ya kai kuka wurin manya, a sa rana bayan La'asar. Alhaji ya iso, a tashi a ba shi wuri kusa da masu sulhu, yaro ya tsuguna daga bakin ƙofa. Alhaji bai musa ba, ya ce kasuwa ce ta juya. Sai a waiwayo kan yaro: "Kai yaro, ka yi haƙuri. Alhaji ai ubanka ne. Cikin dubu ɗari takwas ɗin nan ka yafe ɗari uku, saura zai riƙa ba ka a hankali." Yaro ya dubi fuskokin da suka haife shi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Na yarda." A shafa fatiha a watse. Babu takarda, babu ranar biya. In ya dawo bayan wata shida yana cewa har yanzu bai ga komai ba, sai a ce masa, "Haba, ba an riga an yi sulhu ba? Kai ba ka da haƙuri ne?"

To, abin da muke so mu faɗa ke nan. An raba faɗa a wannan zama, gaskiya ne, amma ba a yi sulhu ba. An dai rufe bakin wanda ya fi sauƙin rufewa.

Ba raina zaure muka yi ba

Kada wani ya ɗauka cewa muke a bar zaure a koma kotu. Mun san abin da sulhu ya yi mana a ƙasar Kurmi. Tun da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, da sauran zangunanmu irin su Agege da Shagamu, kakanninmu da shi suka riƙe fataucin shanu da goro. Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kan unguwar a 1969. Ya nuna yadda ake sayar da shanu bashi ga mahauta Yarabawa babu takarda babu lauya, maigida ya tsaya wa baƙonsa, in an sami saɓani a kai gaban manyan unguwa a kashe maganar.

Sai dai mu lura da dalilin da ya sa abin ya yi aiki a wancan lokaci. Sulhun yana da haƙora. Mahaucin da ya ƙi biya, duk kasuwa za ta daina ba shi bashi. Maigidan da ya ci amanar baƙo, labari zai riga shi isa Arewa, baɗi babu wanda zai sauka a gidansa. Kunya da tsoron rasa baƙi su ne ɗan sandan zauren. Yau fa? Mutum zai ci kuɗinka a wannan kasuwa, ya canza lambar waya, ya koma wata kasuwar ya ci gaba da harkarsa. Jama'a ta yi yawa, ba kowa ya san kowa ba. Haƙoran sun zube, mu kuma muna nan muna zama irin na da kamar ba abin da ya canza.

Mun kuma san dalilin da ya sa mutanenmu ke gudun kotu. Shari'a da Turanci ake yi, ana ɗage zama, kowace fitowa lauya sai an ba shi kuɗin mota, rigimar fili in ta hau ɗaukaka ƙara tana iya haura shekara goma. Maƙwabtanmu Yarabawa ma suna da karin magana cewa ba a dawowa daga kotu a ci gaba da abota. Ga kuma abin da ya fi duka: mu baƙi ne, kuma mun ga yadda ƙaramar taƙaddama ke zama gobara. Mun tuna Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021. Dattijon da ya ce a kashe magana tun tana ƙarama ya san abin da yake tsoro. Saboda muhimmancin zauren ne ma ya sa bai kamata mu bar shi ya lalace ba.

Haƙuri kullum a kan mutum ɗaya

Laifi na farko shi ne wanda muka buɗe da shi. A zaurukanmu kalmar "ka yi haƙuri" ƙasa take gangarawa kullum kamar ruwa. Yaron shago ya yi wa maigida haƙuri, mai dako ya yi wa dillali, ɗan ci-rani ya yi wa ɗan gari, mace ta yi wa miji. Da wuya ka ji an dubi mai hali an ce masa, "Alhaji, ka sayar da abu kaza ka biya yaron nan kafin Juma'a."

Malamanmu sun san hukuncin wannan. A fiƙihun Malikiyya da alƙalan Arewa ke aiki da shi, a littattafai irin su Muhtasar da Tuhfa, an yi wa sulhu babi guda. In mutum ya karɓi wani abu daban a madadin haƙƙinsa, hukuncin ciniki ne ke hawa kansa. In kuma ya karɓi wani ɓangare ya bar saura, abin da ya bari kyauta ce. To, kyauta tana yiwuwa da tilas? Dubu ɗari ukun da yaron nan ya "yafe" don yana jin nauyin furfura, da daɗin rai ya bayar? Mun sha ji a wa'azi cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardar zuciyarsa, kuma sulhu halal ne matuƙar bai halatta haram ba. Aya ta 9 a Suratul Hujurati da ta yi umarni da sasanta Musulmi, ta haɗa sasantawar da adalci, har ta ce a tsaya a kan wanda ya yi zalunci sai ya dawo hanya. Mu kuwa mun ɗauki sasantawar mun ajiye adalcin.

Wani lokaci ma ba son kai ba ne, rashin sanin doka ne. Ɗauki maganar haya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce in babu wata yarjejeniya ta daban, mai biyan haya shekara-shekara sai an ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata kuma wata guda. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ƙara masa takardar kwana bakwai, sannan a tafi kotu. Cire masa ƙofa ko kwano, ko watso masa kaya waje, laifi ne mai tara ko ɗauri. Amma sau nawa aka zauna a zaure aka roƙa wa ɗan haya "alfarmar" sati biyu, ya tashi yana godiya, alhali doka ta ba shi wata shida? Haka kuma akwai ɗan hayan da zai shekara biyu bai biya ba, kullum ya ruga wurin manya a ba mai gida haƙuri, mai gidan kuwa wataƙila gwauruwa ce da kuɗin hayar nan take ciyar da marayu. Duka biyun an cuci wani da sunan sulhu.

Magana a iska

Laifi na biyu, ba ma rubutawa. Abin mamaki, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma a wurinmu in ka ce a rubuta sai a ce, "Wato ba ka yarda da mu ba ke nan?" Sai a bar magana a bakin mutum huɗu. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma gida, biyun da suka rage kowa da abin da ya tuna.

Rashin takardar nan yana da illar da yawancinmu ba mu sani ba. A dokar Legas, bashin da ya taso daga ciniki in ya shekara shida ba a kai ƙara ba, kotu ba za ta saurare shi ba. Saboda haka "a ƙara masa lokaci, a ƙara masa lokaci" yana iya cinye haƙƙin mutum ƙurmus. Amma in wanda ake bi ya rubuta cewa ya amsa bashin ya sa hannu, lissafin shekarun sabo yake komawa daga ranar. Ka ga 'yar takarda guda ta yi abin da zama goma bai yi ba.

Akwai kuma ɗaya gefen. Wasu na ɗauka zaman zaure ba komai ba ne a idon hukuma, in bai yi maka ba sai ka wuce kotu. Ba haka abin yake ba. A 1991, a shari'ar Agu da Ikewibe, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa doka ta san da hukuncin da dattawa suka yanke bisa al'ada. In ya tabbata ɓangarorin biyu sun kai kansu da son ransu, sun yarda hukuncin zai hau kansu, an yanke an kuma sanar, to wanda ya sha kaye yana iya tarar da ƙofar kotu a rufe in ya sake ɗauko maganar. Wato "na yarda" ɗin da yaro ya faɗa don kunya tana iya bin sa har gaban alƙali. Abu mai nauyi irin wannan bai kamata a yi shi a tsaitsaye tsakanin La'asar da Magariba ba.

Mai raba faɗa da hannu a ciki

Laifi na uku sai mun yi a hankali, amma dole a faɗa. Sau da yawa wanda ke zaman sulhu yana da alaƙa da ɗaya daga cikin masu rigimar. Ko abokin cinikinsa ne, ko surukinsa, ko shi ya ci la'adar cinikin da ake faɗa a kai, ko kuma mutumin ne ke ɗauke da rabin hidimar masallaci. Ba mu ce ana sayen dattawanmu ba, Allah ya kiyaye. Amma ɗan Adam ɗan Adam ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ko da mai sulhun ya yi gaskiya, wanda aka ba rashin gaskiya zai fita yana cewa dama ya sani. A kotu alƙali yakan janye daga shari'ar da ta shafi nasa. Mene ne abin kunya in dattijo ya ce, "Wannan magana ta shafi mutumina, wane ka zauna a madadina"? Girma ma zai ƙara masa.

Haka maganar kuɗin goro. Abin da aka saba bayarwa don girmamawa babu laifi. Amma in ya kai ga wanda ya fi cika hannu shi ake fara saurara, ko a ce sai an cire kaso daga kuɗin da aka karɓo wa mutum ba tare da an faɗa masa tun farko ba, to zaure ya zama kasuwa.

Matanmu

Nan ne abin ya fi ciwo. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara yadda ake sasanta ma'aurata: mutum ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. To yarinyar da aka auro daga Sakkwato ko Damagaram aka kawo ta Ikko, wa ke zama a madadin danginta? Galibi babu. Abokan mijin ne a zaure, liman na mijin ne, mai unguwa tare suke sallah. Ita tana daga bayan labule, ko a aiko wata tsohuwa ta faɗi rabin abin da ta ce. Ƙarshe a ce mata aure ibada ne, ta koma ɗakinta. Wata da kumburarriyar fuska za ta koma, bayan wata biyu a sake zama, a sake maimaita mata haƙurin. Ba a taɓa rubuta wa mijin sharaɗi ba, ba a ce in ya sake ga abin da zai biyo baya ba. Alhali Jihar Legas tana da dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida tun 2007, wadda ta ba kotu ikon hana mutum kusantar wadda yake duka. Ko ambaton wannan doka a zaure ya isa ya sa wani ya shiga taitayinsa.

Sai gado. Mutum ya rasu ya bar shago da kaya da kuɗi a banki da basussuka a hannun mutane. 'Yan'uwansa su taso daga gida, a zauna "sulhu" kafin a gama zaman makoki, a ba matar wani abu a ce ta yafe saura don zumunci. Ba a lissafa dukiyar a gabanta ba, ba ta san nawa ne tumuninta ba, ba ta san rabon 'ya'yanta ba. Malamai sun ce sulhu a kan abin da ba a san adadinsa ba bai inganta ba, kamar yadda ba a cinikin abin da ba a sani ba. Rabon maraya kuwa babu mai ikon yafe shi don a zauna lafiya. Tunda babu kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati a Legas, nauyin ya dawo kan malamanmu da dattawanmu kacokan, kuma Allah zai tambaye su.

Abin da ba na zaure ba

Akwai maganar da ko kusa bai kamata a shimfiɗa mata tabarma ba. In an lalata ƙaramar yarinya ko yaro, wannan ba saɓani ba ne tsakanin gida biyu da za a ce a rufa wa juna asiri. A dokar laifuka ta Legas hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne. Karɓar kuɗi don a binne babban laifi shi ma laifi ne, yana iya jawo wa iyayen da masu zaman tuhuma. Mun san abin da ake cewa: kada a ɓata sunan yarinya, kada a ce Hausawa ne. Amma wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wani zai taɓa, a unguwar nan dai. Akwai cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, tun 2013 take duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta kuma cikin sirri. Aikin dattijo a nan shi ne ya raka iyayen can da wuri, ya tsaya musu. Haka kisa, da sara da makami, da fashi.

Kishiyar wannan ita ce ɗabi'ar wasunmu ta kai bashi caji ofis. Mutum yana bin ka kuɗin kaya, sai ya ɗauko maka ɗan sanda a kulle ka don danginka su tsorata su biya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki kawai. Kuɗin da ake kashewa a irin wannan, na mai ƙara da na wanda aka kama, da an tara da ya rage bashin. Ga gaba da za ta shiga tsakanin gidaje biyu har jikoki. Amma mu tambayi kanmu, me ya kai mutumin can? Sau da yawa ya je zaure sau uku ne aka ba shi haƙuri.

Ƙofofin da ba ma shiga

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne, ita kanta gwamnati ta dawo kan sulhu. A 1999, lokacin Farfesa Yemi Osinbajo yana kwamishinan shari'a, Jihar Legas ta buɗe cibiyar sasanta jama'a a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Kyauta take aiki, tana da rassa a sassan jihar, tana sauraron rigimar haya, da bashi, da albashin da aka hana, da saɓanin iyali. A 2002 kuma aka buɗe zauren sulhu na babbar kotun jiha, wanda ake kira kotu mai ƙofofi da yawa, irinsa na farko a Afirka, aka yi masa doka a 2007. Abuja da Kano su ma sun bi sahu. A can mai sulhu ba ya yanke hukunci. Yana sauraron kowa, yakan keɓe da kowane ɓangare shi kaɗai, har su da kansu su cimma matsaya. In an rubuta an sa hannu, alƙali ya sa nasa, takardar ta zama hukuncin babbar kotu, wanda ya saɓa za a iya kama dukiyarsa. A watan Mayun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar sulhu ta ƙasa, wadda ta ce yarjejeniyar da aka cimma ta hanyar sasanci tana ɗaure masu ita kuma kotu na iya tilasta ta. Ga kuma kotun ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a 2018, a lokacin iyakarta naira miliyan 5, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama cikin kwana 60.

Haƙoran da zaurenmu ya rasa, ga su nan a ajiye. Sai dai su ma waɗannan wurare ba mu wanke su tas ba. Fom ɗinsu da Turanci ne, zama da Turanci ko Yarabanci, mai dakon da bai yi boko ba tun daga bakin ƙofa zai karaya. Wanda abincinsa ke hannunsa kullum, yini guda a ofis asara ce. Mai sulhun can kuma bai san mene ne la'ada ba, bai san yadda amana ke tafiya tsakanin maigida da baƙonsa ba, sai an yi masa dogon bayani. Dattawanmu sun san mutane da harshe da al'adar kasuwa, waɗancan kuma suna da takarda da hatimi. Hankali shi ne a haɗa biyun.

Abin da muke roƙo

Ba wani abu mai tsada muke nema ba. Kowane zaure, na unguwa ne ko na kasuwa ko na masallaci, ya sayi babban littafi guda a riƙa shigar da kowace ƙara da ranarta. Duk sulhun da ya shafi kuɗi ko gida ko aure a rubuta shi da Hausa, da boko ko da ajami, a yi kwafin Turanci: wa ake bi, nawa ne, yaushe za a biya, kashi nawa, me zai faru in an saɓa. A karanta wa kowa da ƙarfi, a sa hannu ko a dangwala, shaidu biyu su sa nasu, kowa ya tafi da kwafinsa ya kuma ɗauka a waya. In kuɗin mai yawa ne, ko wanda ake bi ya taɓa saɓa alkawari, a raka su cibiyar gwamnati a mayar da takardar wadda kotu za ta iya tilastawa.

Kafin a nemi kowa ya yafe wani abu, a fara faɗa masa cikakken haƙƙinsa a shari'a da doka, a ji ta bakinsa shi kaɗai ba a gaban wanda yake jin nauyi ba, sannan a ba shi kwana biyu ko uku ya yi shawara. In ya dawo ya ce ya yafe, wannan ita ce yafiyar da ake samun lada a kanta. In ya ce bai yafe ba, kada a kira shi mara kunya.

A sa mata dattijai biyu ko uku, irin malaman Islamiyyarmu, su riƙa zama a duk maganar da ta shafi mace, kuma a kira waliyyinta ko ta waya ce ya ji komai. Kada a taɓa gado sai an rubuta dukiya da basussuka a gaban magada duka. Mai sulhun da magana ta shafi nasa ya janye. A kuma rubuta jerin laifukan da ba a zama a kansu, a manna a bakin zaure kowa ya gani.

Sannan ga 'ya'yanmu da suka yi karatu, har da masu digirin lauya, suna nan a unguwa. Akwai kwas na koyon aikin sulhu da ake yi na 'yan kwanaki a ba da shaida. Ƙungiyoyin kasuwa su ɗauki nauyin mutum biyu ko uku, su dawo su zauna kusa da dattawa suna riƙe da alƙalami, su kuma riƙa raka mutanenmu ofis suna yi musu tafinta. Babu wanda ya ce su karɓe zaure daga hannun manya. Furfura ke sa a saurari magana, takarda kuma ke sa a cika ta.

Iyayenmu, mun san wahalar da kuke sha, mun san dare nawa kuka hana jini zuba a unguwar nan ba wanda ya gode muku. Amma yaron nan mai albasa yana nan yana yawo da bashin yayarsa a wuya, kuma duk wanda ya tambaye shi zai ce ya kai ƙara wurin manya. In matasa suka yanke ƙauna daga zaure, caji ofis za su nufa, ko su ɗauki doka a hannunsu, kuma mu duka za mu ɗanɗana. Shafin nan a buɗe yake ga duk dattijo ko malami ko uwa da ke ganin mun yi kuskure, a aiko mana za mu buga. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya ba shugabanninmu ikon faɗa wa mai ƙarfi gaskiya.